Karnukan da Korau Ya Tsamo a Rijiya

A zamanin da daji yake daji, tun gatari bai cinye shi ba, an yi wani maharbi a Tungar Marke ana ce masa Korau. Ba wani shahararre ba ne, kada in yi muku ƙarya. Zomo yake kamawa, da gada, in an tashi da sa'a barewa. Abin da aka san shi da shi dai rashin zama wuri ɗaya, don ko tuwo a tsaye yake ƙarasa shi, baka a rataye.

Wata rana da hantsi yana bin sawun gada, sai ya ji nishi daga cikin wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe tun zamanin kakanni. Ya leƙa. Karnuka biyu ne a ƙasa, daga fata sai ƙashi. Ya ɗaure igiya a gindin wata bishiya ya sauka, ya goyo su a gwadonsa ɗaya bayan ɗaya. Macen mai launin toka ce, idanunta duka biyu sun yi fari fat. Namijin ja ne, an yanke masa kunnuwa har gindi, kuma ko aradu ta faɗi a kansa ba zai ji ba. Korau ya sa wa macen Toka, namijin kuma Guntu.

Da suka ɗan yi ƙarfi ya kai su rafi shan ruwa. A kan dawowa ya waiwaya ya dubi jiƙaƙƙen yashin da suka taka. Sawunsa ne kaɗai. Karnuka biyu suna tafe a gefensa, amma babu sawun ko ɗaya. Mai hankali da tun nan ya mai da su inda ya ɗauko su. Korau dai ya ce, "To, Allah ya sa alheri," ya je gida ya jiƙa musu ɗumame.

Ciyar da su bai ba shi wahala ba, magana da su ce ta kusa zautar da shi. Toka ba ta gani, sai murya, amma da zarar an ɗaga mata murya sai ta zube tana fitsari. Dole Korau, mutumin da ake jin gaisuwarsa daga bayan gari, ya koyi magana ƙasa-ƙasa kamar mai gai da surukai. Da haka ta riƙe kalmominta: zo, tsaya, kwanta, hagu, dama, tsallaka. Shi kuwa Guntu sai hannu, kuma nan ne abin ya fi tsauri. In hannun mutum ya haura ƙirji, ko da ƙuda zai kora, ko ƙeya zai sosa, Guntu ya shige daji ke nan, sai bayan kwana biyu ya dawo yana raɓe-raɓe. Korau ya horar da hannunsa na dama ya daina tashi. Yatsu biyu a kan gwiwa, zo ke nan. Tafin hannu ya dubi ƙasa, kwanta. Hannu ya manne da cinya, tsaya. Ɗan yatsa ya nuna wuri daga ƙasa, je ka can. Duka da hannun dama ake yi, wanda ke miƙa masa abinci.

Damina biyu aka yi ana wannan fama. Mutanen gari suka samu abin dariya, wai ga maharbi yana raɗa da karya. Su ɗin da ba su san abin da za su ba kare ba sai hoge da dutse. Korau bai kula su ba, don ya riga ya sa wa karnukan nan rai, kuma ba ya ɓoyewa.

Ana nan, wata rana da tsakar rana cikin bazara, yana fiƙe kibiya a rumfarsa, sai ga guguwa ta taso daga gabas. Ta zo ƙofar gidansa ta tsaya cik. Wani dogo ya fito daga cikinta, kansa ya wuce rufin ɗaki, ƙafafunsa na barewa, da tsumagiya a hannu. Toka ta shaƙi iska sau ɗaya ta shige bayan Korau. Guntu ya manne da ƙafarsa yana kyarma.

Dogon ya ce, "Sallama gare ka, ya kai bil'adama. Ni ne Sarkin Tsumagiya, mai kula da karnukan Sarki Durumbu na Birnin Ƙaho, shugaban mafarautan aljannu. Ka ɗauki abin da ba naka ba."

Korau ya amsa sallama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da na ɗauka yasasshe ne. A rijiya na tsamo shi."

"Mu muka yar. A wurinmu karen da ya nakasa ya gama aiki, jefa shi ake ya mutu. Waɗannan sun ƙi mutuwa, kuma labari ya kai wa sauran. Karnukan Sarki ɗari tara sun daina farauta, kullum suna kwance suna duban hanya. Na zo in ƙarasa abin da rijiya ta kasa."

Bakin Korau ya riga hankalinsa. Ya ce, "Ba su gama aiki ba. Suna jin magana fiye da wasu masu ido da kunne."

Aljanin ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, "Ka faɗi babbar magana, ɗan Adam, sai ka kai ta gaban Sarki. Na ba ka kwana uku. Ka zo da su da ƙafarka. In kowannensu ya amsa kiranka a gaban fada, sun zama naka, ba mai sake tambaya. In ɗaya ya ƙi, duka biyun za a yanka kana kallo. In kuwa ba ka zo ba, ni zan dawo, kuma ba zan yi sallama ba."

"Ta ina hanya take?"

"Ta inda ka tsamo su."

Guguwa ta naɗe abinta ta wuce. Korau bai tsaya shawara da kowa ba. Ya cusa ƙuli-ƙuli a burgami, ya cika gora da ruwa, ya kama hanyar rijiya. Ya sauka da karnukan ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa ya tarar da wata tsaga a jikin bango wadda wancan karon babu ita. Suka kutsa da rarrafe, suna ta rarrafe har gwiwoyinsa suka saluɓe, sai ga su a wata ƙasa mai jan sama. Rana a can ba ta faɗuwa, sai dai ta yi ja ta sake yin fari, da haka ake ƙirga kwana.

Ba su yi nisa ba suka shiga wani kurmi. Kowace bishiya a cikinsa tana da baki a jikinta, lumshe kamar na mai barci. Korau ya ga wata saiwa a gaban Toka, ya ce mata, "Tsallaka." Kafin ya rufe baki kurmin ya farka. Bakin nan ya ce tsallaka, wancan ya ce zo, na can ya ce hagu, na baya ya ce dama, kuma duka da muryar Korau, babu bambanci ko na ƙwayar gero. Toka ta zabura hagu, ta dawo dama, ta yi karo da kututture, ta miƙe ta nufi wata bishiya da ke buɗe baki har ƙasa tana kiranta.

Hankalin Korau ya tashi. Ya buɗe baki zai kwartsa mata kira, sai ya tuna ihu shi ne abin da ke kashe ta. Bishiyoyin kuwa ihu suke yi, kowace tana son ta fi 'yar'uwarta. Ya haɗiye nasa da ƙyar, ya durƙusa, ya ce a hankali, "Toka. Tsaya." Ta tsaya, ƙafa ɗaya a sama, hancinta saura taki ɗaya ya shiga bakin bishiyar. Ya ce, "Zo." Ta karkata kai tana tace muryoyi, sa'an nan ta juyo ta biyo wadda ta fi kowace ƙanƙanta, har ta sa kai a cinyarsa. Shi kuwa Guntu yana gefe yana hamma, bai san ma ana yi ba. Haka suka ratsa kurmin, Korau na raɗa, bishiyoyi na tsage maƙogwaro, har hayaniyar ta koma baya.

Rana ta yi ja ta yi fari. Suka iske wani ƙato kwance ya tare hanya tsakanin duwatsu biyu, yana minshari, ƙasusuwan matafiya zube a gefen bakinsa. Ko tari ba a yi kusa da irinsa. Korau ya nuna wa Guntu ƙarƙashin gwiwar ƙaton da ɗan yatsa, Guntu ya silale ya wuce, ya juyo yana jira. Toka kuwa ba halin yi mata magana, sai ya saɓa ta a wuya, ya dafe mata baki, ya bi ta wurin a sunkuye yana karanta duk addu'ar da ya sani a zuci, har da wadda ba ta wurin ba.

A gaban nan akwai mararraba. Wata tsohuwa na zaune a tsakiyarta da faifai a gabanta, a kan faifan idanu ne jere kamar gauta, suna ƙifce-ƙifce.

Korau ya rusuna ya ce, "Sannu da hutawa, Iya."

Ta ce, "Sannu, ya kai mai sauri. Na san inda za ka, na san abin da ke jiranka. Makauniyarka za ta ci gwaji, amma kurman nan zuciyarsa a fashe take, shi zai jawo wa 'yar'uwarsa wuƙa. Bar mini shi nan. In ba karyarka idanu biyu sababbi, ka shiga birni da kare ɗaya mai lafiya. Abin da ka kai shi za a tambaye ka, ni zan shaida ɗayan ya mutu a hanya."

"Me za ki yi da shi, Iya?"

"Idanunsa nake so. Ban taɓa ganin masu kallo irinsu ba."

Zan faɗi gaskiya, Korau ya yi jim. Ya hango Toka tana gudu a fili tana ganin gabanta, abin ya shiga ransa, har ya ji kunyar kansa. Ya dubi ƙasa, sai ya ga Guntu ya kafa wa hannunsa ido yana jiran a ce masa wani abu. Ya ce, "Iya, na gode. Biyu na fito da su, biyu zan kai."

Tsohuwar ta ce, "Tafi, marar rabo." Ta buga faifan da ƙasa. Ƙasa ta tsage a gabansu, tsaga mai faɗi da zurfi, wuta na huci a can ciki. Babu abin hayewa sai gungumen giginya guda da ya gitta, faɗinsa bai fi tafin ƙafa ba.

Korau bai tsaya roƙo ba. Ya nuna wa Guntu ƙetare, Guntu ya taka ya haye. Ya sa Toka a gaba, shi yana bayanta da rarrafe, don in ya ɗauke ta duka biyun za su tafi. "Zo gaba. Tsaya. Dama kaɗan. Dama, 'yar nan, dama." Iska mai zafi na bugun su, giginyar na juyi. A tsakiya ƙafarta ta baya ta zame, ta rataye da na gaba tana shure-shure. Duk da haka muryar Korau ba ta tashi ba. Ya ce, "Kwanta." Ta daina shure-shure, ta lafe da ƙirji a kan itacen, ya kai hannu ya turo ƙugunta sama. Da suka sauka ƙetare ya zauna ya huta. Bai daɗe ba ya miƙe, don rana ta fara ja karo na biyu.

A rana ta uku suka hango Birnin Ƙaho. Ganuwarsa duka ƙahoni ce, na ɓauna da gwanki da mariri da wasu dabbobin da ba a san su a duniyarmu ba, an saƙa su cikin juna har sama. A bakin ƙofa karnuka ɗari tara na kwance a jere, ba mai haushi ko ɗaya. Suka bi Toka da Guntu da kallo har suka shige. Sarkin Tsumagiya ya tarye su ya ce, "Ashe za ka iso. Biyo ni."

Fadar fili ce mai faɗi, aljannu sun kewaye ta, masu kan kura, masu ido ɗaya, masu gemu har ƙasa. A can gaba Sarki Durumbu na zaune a kan tulin fatun zakuna, tsawonsa a zaune ya yi rimi, idanunsa kamar garwashi. Kwarjininsa ya daki Korau. Ya zube a gwiwa, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga shi sama ya jinjina, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki."

Wa zai ga laifinsa? Tun yana yaro haka ubansa ya koya masa a yi wa duk mai sarauta, ko dagacin ƙauye ne. Ni ma da haka zan yi. Hannun ya tashi da kansa kafin ya tuna wa ke kusa da shi. Guntu kuwa yana daidai gwiwarsa, ya kafa wa hannun ido kamar kullum. Ya ga hannun da ya sani ya dunƙule ya haura sama da kansa.

Ya yi wata ƙara da Korau bai taɓa ji daga bakinsa ba. Ya fyalla ta tsakanin ƙafafun fadawa, ya je can ƙarshen fili ya cusa kansa a lungun bango ƙarƙashin wani babban tambari, ya juya wa duniya baya. Fada ta ɗauki dariya. Korau ya sauke hannun ya dube shi, ya ji kamar ya tsine masa.

Sarki ya ce, "Na karɓi jinjinarka, ya kai bil'adama. Ka sani, a ƙasar nan hannun da ya jinjina wa Sarki ya zama na Sarki, ran da ya ga dama ya kira shi. Yanzu nuna mana abin da ya kawo ka."

Sarkin Tsumagiya ya ja layi a ƙasa a gaban Korau, ya ce masa in ya tsallake shi ya faɗi gwajin. Aka kafa mashi a tsakar fili, aka ajiye farin dutse taki uku daga gindinsa. In inuwar mashin ta taɓa dutsen, lokaci ya ƙare. Wani mai kan kura ya zauna gefe yana wasa wuƙa.

Aka ja Toka zuwa nesa, aka jujjuya ta har ta rasa gabas. Korau ya ce, "Toka, zo," da muryar da ko na kusa da shi da ƙyar ya ji. Ta ɗaga kai, ta taho kai tsaye ta zauna a ƙafarsa. Fadawa suka yi gunaguni. Sarki ya ce, "Ɗaya. Saura ɗaya."

Korau ya buga yatsu biyu a gwiwa. Guntu bai gani ba, fuskarsa na bango. Ya sake bugawa. Ya sake. Kurman da ya ƙi kallonka ba ka da ta inda za ka shiga wurinsa. Ya dira ƙafa a ƙasa ko motsin zai kai masa, sai karen ya ƙara dunƙulewa. Ya durƙusa, ya miƙe, ya zaga iyakar layin ya dawo, gumi na zuba. Inuwa ta ci taki ɗaya.

Sarkin Tsumagiya ya matso kusa da shi ya ce, "Kada ka wahalar da kanka. Ni na kurmantar da shi, da wannan." Ya nuna masa dunƙulallen hannunsa. "Kowace safiya, har kunnuwan suka ruɓe aka yanke. Na san abin da yake yi in ya ga hannu a sama. Kwana biyu ba ya waiwaye."

Baƙin ciki ya turnuƙe Korau. Damina biyu karen nan ya yi yana zaton akwai hannu guda a duniya da bai iya wannan abin ba, yau ya ga ya iya. Ba aljani ya karya shi wannan karon ba, shi Korau ne, kuma ya sani.

Can ya lura da wani abu. Guntu na leƙowa ta ƙarƙashin ƙafarsa ta gaba da ido ɗaya. Ba fuskar Korau yake nema ba. Idon yakan sauka a kan hannun dama, ya tsaya, sa'an nan ya koma ɓoye. Korau ya yi maza ya kai hannun baya. Karen ya leƙo, ya ga an ɓoye hannu, ya hau kyarma fiye da da, don ya san abin da hannun da ke baya yakan fito da shi. Korau ya dawo da shi gaba, ya shimfiɗa shi a ƙasa a buɗe. Idon ya leƙo, ya gan shi, ya koma. Inuwa ta ci taki biyu, mai wuƙa ya gwada kaifinta a gashin hannunsa.

Korau ya juya ya fuskanci tulin fatu. Wannan karon bai jinjina ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ce hannun nan naka ne."

"Na faɗa."

"Ina roƙo ka karɓi abinka yanzu."

Sarki ya sunkuyo har zafin idanunsa ya taɓa fuskar Korau. Ya ce, "Ka san abin da kake roƙo, ɗan Adam? Kai maharbi ne, da me za ka ja baka? Da me za ka ci tuwo cikin mutane? Da me za ka gaisa da 'yan'uwanka a ƙofar masallaci? Ban yi niyyar kiransa ba sai ranar mutuwarka. A kan kare, kurma, za ka koma gida da hagu?"

Korau ya saci kallon mashin. Ya ce, "Inuwa na tafiya, ranka ya daɗe. Ka karɓa, ma yi maganar daga baya."

"In na karɓa ba na mayarwa. Kuma ban ce zai zo ba."

"Na ji."

Sarki ya miƙo yatsu biyu ya kama hannun ya ja. Ya fita daga kafaɗa kamar an tuge rogo a jiƙaƙƙiyar ƙasa, babu jini ko ɗigo, amma azabar sai da ta durƙusar da Korau, ya ga duhu ya ga haske. Ya ciji leɓe ya ƙi yin ƙara saboda Toka na jikinsa. Hannun rigarsa ya faɗo ya rataye, babu komai a ciki.

Guntu ya leƙo. Idon ya je inda ya saba zuwa, bai sami komai ba. Ya nemi baya, ya nemi ƙasa. Ya zaro kai daga lungun gaba ɗaya ya juyo yana duban Korau.

Korau ya ɗaga hannun hagu kaɗan, don rashin sabo har ya kuskure gwiwar a karon farko. Hannu ne da bai taɓa miƙa wa karen nan ko loma ba, don ba a bayarwa da hagu. Ya daidaita yatsu biyu ya buga a gwiwa. Guntu ya dubi hannun, ya dubi fuskar. Korau ya sake bugawa. Saura faɗin yatsa inuwa ta taɓa dutse, kuma babu abin da zai iya ƙarawa, ko kira, ko roƙo.

Karen ya fito. Bai taho da gudu ba, da jan ciki ya taho, yana tsayawa yana ci gaba, ta gaban mai wuƙa, ta gaban Sarkin Tsumagiya, idonsa a kan yatsun nan biyu. Hancinsa ya tsallake layin, sa'an nan inuwa ta hau dutse.

Sarki Durumbu ya dubi karen, ya dubi inuwar. Daga baya ya ce, "Naka ne, duka biyun. Ba mai sake tambaya. Ku fitar mini da mutumin nan, kallonsa na damuna."

Guguwa ta sure su ta dire su a bakin tsohuwar rijiya, da la'asar sakaliya, a duniyarmu. Korau ya miƙe yana tangaɗi, don jikinsa ya karkata gefe guda. Toka ta tsaya tana jiran magana. Guntu kuwa ya zagayo ɓangaren dama inda ya saba tafiya, ya ɗaga kai yana jiran a shafa shi. Ba a shafa ba. Ya cusa hanci cikin hannun rigar, ya shinshina har kafaɗa, ya fito, ya dubi ƙasa, ya dubi bayan Korau, ya koma ya sake cusawa. Yana nema yana wani siririn kuka da shi kansa ba ya ji.

Korau bai yi kuka ba da aka cire hannun, amma a nan ya yi, har da shessheƙa. Ya tsuguna ya rungumo kan karen da hagu, ya ce masa, "Ba ya nan, Guntu. Bari nema." Toka ce ta ji, ta matso. Shi Guntu bai daina ba, har suka isa gida yana tsayawa yana duba hannun rigar.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan, na kuwa sauke muku shi yadda na ɗauko.